Ƙusa Biyar da Rami Ɗaya

A tarin takalman gwanjo da ake bajewa a kasuwar Sokode ta ƙasar Togo ba a rasa wani takalmin ƙwallo da ya fi 'yan'uwansa ɗaukar ido. Fatarsa lafiya lau, ɗinkinsa bai motsa ba, tambarin kamfanin yana nan raɗau. Sai ka kifa shi ka tarar da ƙusoshin ƙarfe biyar, gurbin ta shida kuwa rami ne, ya toshe da busasshiyar lakar wata ƙasa. Yaro zai ɗauka ya zura ƙafa, ya shafa fatar, ya taya. Da wuya ya leƙa ramin nan, alhali duk amfanin takalmin a cikinsa yake.

In ana maganar ƙasan takalmin ƙwallo, iri biyu ne manya. Akwai wanda aka zuba robarsa gaba ɗaya, tafi da ƙusoshi jiki guda, gajeru, goma sha biyu ko fiye. Akwai kuma mai ƙusar murɗi, yawanci shida, huɗu a gaba biyu a dunduniya, na dunduniyar sun ɗan fi tsawo. Kowace ƙusa tana da wuya mai zare, ana murɗa ta cikin wani ɗan noti na ƙarfe da aka binne a cikin robar tafin tun a masana'anta. Idan ta cinye a kwance a sa sabuwa, idan fili ya jiƙe a sa doguwa.

Wannan notin da ido ba ya gani shi ne ya fi ba maƙeran takalmi wahala. Tafin siriri ne, kuma dole ya lanƙwasa a daidai gindin yatsu, in ba haka ba mutum ba zai iya gudu ba. A cikin wannan ɗan kaurin ake so a dasa ƙarfen da ba zai juya ba sa'ad da ake ɗaure ƙusa, ba zai tumɓuko waje ba idan ƙasa ta riƙe ta, ba zai kuma nutse ciki ya soki tafin ƙafa ba idan aka taka da ƙarfi. Shi ya sa ake yi masa faffaɗan baki mai kunnuwa ko huje-huje, domin narkakkiyar roba ta ratsa ta kama shi ta ko'ina kafin ta daskare. Ta waje kuma a tayar da ɗan tudun roba a kewayensa, inda kafaɗar ƙusar za ta zauna. A ƙara kauri takalmi ya yi nauyi ya sandare, a rage noti ya fara cizon ƙafa. Duk gwanintar tana tsakanin waɗannan biyun, a tazarar da ba ta wuce 'yan milimitoci ba.

Ranar da ƙusar murɗi ta yi suna sananniya ce. Ran 4 ga Yuli 1954, a filin Wankdorf na birnin Bern a Suwizalan, Jamus ta Yamma ta kara da Hungari a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya. Hungari ta riga ta lallasa su da ci 8 da 3 a zagayen farko. A ranar aka wuni ana ruwa, fili ya zama caɓi, Adi Dassler mai kamfanin Adidas ya ɗaura wa 'yan ƙasarsa dogayen ƙusoshi, Jamus ta ci 3 da 2. Kamfanin Puma na yayansa Rudolf, wanda shi ma yake garin Herzogenaurach, yana cewa shi ya riga fitar da irin wannan ƙusa tun 1952, kuma har yau ba a daina musun ba. Abin da ya dame ni a labarin shi ne ƙasar da aka yi dabarar dominta: ciyawa mai kauri, ƙarƙashinta laka mai laushi, ga ruwa yana zuba.

A irin wannan fili ƙusa nutsewa take yi gaba ɗayanta har tafin takalmi ya zauna a ƙasa. Nauyin mutum ya bazu a kan tafin, laka ta rungume ƙusar daga tsini zuwa wuya. Yanzu a ɗauko takalmin a kai shi filin makaranta a Dapaong, can arewacin Togo, cikin watan Fabrairu, bayan hunturu ya gama busar da komai, jar ƙasa ta zama fako mai tsakuwa. Ƙusa ba ta shiga ko kaɗan. Mai takalmin yana tsaye ne a kan tsini shida a kowace ƙafa, idan ya zabura da gudu kuma a kan huɗu ko biyu, kuma ƙarfin da yake dukan ƙasa da shi ya ninka nauyin jikinsa. Tun da ƙasa a tsini kawai take taɓa ƙusar, duk lokacin da ya taka birki ko ya karya kwana sai ta ɗan kwanta gefe, ta ɓanƙari wuyanta da notin da ke riƙe da shi. Gwargwadon tsawon ƙusa, gwargwadon ɓanƙarar.

A nan kwancewa take farawa. Abin da ke riƙe ƙusar murɗi shi ne matsin da aka yi mata lokacin ɗauri, wanda ke manna zarenta da na noti, ya manna kafaɗarta da roba. Wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna a 1969 cewa abin da ya fi saurin kwance noti shi ne motsin gefe da gefe: da zarar fuskokin nan biyu sun ɗan zame wa juna, ko da ido bai gani ba, riƙon ya saki na ɗan lokaci, noti ya koma baya kaɗan. A maimaita sau dubbai, ya kwance. Taku a kan fako ke nan, ba ragi. Ga kuma roba, wadda idan ta daɗe a matse cikin zafi sai ta lotsa, matsin ya ragu ko ba a buga wasa ba, kuma zafin Maris da Afrilu a arewacin Togo ba wasa ba ne. Duk mai gyaran keke ya san fedar hagu a juye ake yanka zarenta, domin juyawar ƙafa ta riƙa ɗaure ta maimakon kwancewa. Wannan dabarar ba ta yi wa takalmin ƙwallo aiki, saboda feda hanya ɗaya take juyawa, ƙafar ɗan wasa kuwa yanzu ta murɗa dama, anjima ta murɗa hagu.

Da zarar ƙusa ta ɗan yi sako-sako, ƙura ta sami ƙofa. Rairayi ya shiga tsakanin zare da zare yana goga, har wata rana a ɗaure ƙusa ta ƙi tsayawa, tana juyawa ba iyaka. Ko kuma ta faɗi a tsakiyar wasa, yaro bai ankara ba ya ci gaba da takawa a kan notin tsirara, bakinsa ya daku ya cika da tsakuwa.

Sokode ta fi Dapaong samun ruwa, daminarta ta fi tsawo, kuma a watannin Agusta da Satumba akan sami ranakun da doguwar ƙusa take da amfani na gaske. Sai dai damina da nata ciwon take zuwa. A tashi daga wasa a jefa takalmi a lungu da lakarsa, laima ta kwana a cikin zare, tsatsa ta haɗe ƙusa da noti. Ranar da aka zo canzawa makulli ya kasa, a ɗauko filaya a sa ƙarfi. Ƙarfe bai saki ƙarfe ba, robar da ke riƙe da notin ce za ta saki, sai ka ji ƙusa da noti suna juyawa tare a cikin tafin. Wannan ita ce lalacewar da ba ta da gyara na kirki.

Duk da haka wurin mai gyaran takalma ake kai shi, don ba a yar da takalmi mai kyan fata a garuruwan nan. Sana'ar fata tsohuwa ce a wannan yanki. A da, ayarin fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayo goro suna yada zango a Didaure, wadda yau unguwa ce a cikin Sokode, kuma takalma da kayan dukanci na Kano suna cikin hajar da ake bi da ita ta nan. Amma ilimin baduku na fata ne da zare da basilla. Idan tafi ya rabu da fata zai ɗinke shi ya fi na kamfani ƙarko, wannan na sha gani. Noti da aka binne cikin narkakkiyar roba kuwa ba shi da inda allura za ta kama. Iyakar abin da zai yi shi ne ya ɗaga shimfiɗar ciki, ya zuro ƙarfe mai zare ta sama da wosha, ya ɗaure ta ƙasa, ko ya cika ramin da gam ya dasa ƙusar har abada. Na farkon yana barin kan ƙarfe a ƙarƙashin tafin ƙafa, kuma idan bakin ƙarfen ya leƙo waje, ƙaurin abokin wasa ne zai ji a jikinsa. Doka ta 4 ta dokokin ƙwallon ƙafa ta hana sa duk abin da zai yi wa mai shi ko wani rauni, shi ya sa ake duba ƙasan takalmin 'yan wasa kafin su shiga fili. A wasan unguwa babu mai dubawa, ga shi kuwa fako yana wasa bakin ƙusar alminiyom har ya yi kaifi.

Ban ga laifin yaran da ke kwaɗayin takalmin ba. Garuruwan nan biyu garuruwan ƙwallo ne. Semassi ta Sokode ta sha ɗaukar kofin ƙasar Togo, kuma a 1984 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun kulob na Afirka, inda Shooting Stars ta Ibadan ta fitar da ita. Mohamed Kader, wanda ya ci wa Togo ƙwallonta ɗaya tak a gasar cin kofin duniya, a ragar Koriya ta Kudu a Frankfurt a 2006, haifaffen Sokode ne. Dapaong tana da Foadan, kuma a can aka haifi Djené Dakonam, ɗan bayan da ya daɗe yana buga wa Getafe ta Sifen. Yaro yana zaune a gidan kallo yana ganin irinsu a kan ciyawar da ake fesa wa ruwa daf da fara wasa, inda ƙusar ƙarfe take hana mai tsaron baya zamewa. Da ya ga takalmi mai ƙusar ƙarfe a cikin dila, daga Lome ta hau babbar hanyar arewa har ta iso gabansa, me zai hana zuciyarsa ta biya? Abin da allon bai nuna masa ba shi ne bororon da zai fito masa a daidai kowane noti, da targaɗen idon sawu idan ƙafa ta gurɗe a kan dogayen ƙusoshi.

A ganina, mafi yawan watannin shekara a Dapaong, da rabin shekara a Sokode, takalmi mai gajerun ƙusoshin roba masu yawa ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Copa Mundial na Adidas, wanda ya fito a 1979 kuma har yanzu ake yin sa, irin wannan ne. Amma shi ma da nasa aibin: tsakuwa tana cinye robar, kuma idan ƙusoshin suka shafe takalmin ya gama aiki ko da fatarsa sabuwa ce. A wurin da kuɗin takalmi ɗaya yake ɗaukar watanni kafin ya taru, ƙusar da ake iya canzawa ta fi amfani fiye da yadda take a Turai. Tunanin daidai ne, ƙasar da aka auna shi a kanta ce daban.

Masu takalmin wasan golf sun daɗe da komawa wata hanya: ƙusar roba da ake ɗan juyawa kaɗan, wasu haƙora a kewayenta su faɗa gurbinsu su kulle, ba ta komawa baya sai da makulli. Dabara ce mai kyau, sai dai ina shakkar yadda ƙananan haƙoran roba za su yi da rairayin hunturu. Zare na ƙarfe ya fi kusa da abin da bakanike da maƙeri na gari suka sani. Da za a yi takalmi domin fako, da ƙusoshin za su zama gajeru masu faɗin kai, na roba mai tauri, takwas ko goma maimakon shida, kafaɗarsu da 'yan tsage-tsage da za su ciji tudun da suke zaune a kai. Bakin notin ya yi faɗi sosai don ya raba nauyi, zaren kuma ya zama awo ɗaya da wanda ake samu a shagon kayan babur. A yanzu ba lallai ƙusar wannan kamfani ta shiga notin wancan ba, kuma wanda ya tilasta ta shiga a karkace ya kashe zaren da hannunsa.

Wanda ya nace sai mai ƙusar ƙarfe zai saya, to ya nemi izinin mai kaya ya kwance guda ɗaya, ya sakace kowane rami da tsinke, ya murɗa ta a ciki da yatsu. In ta shiga sumul ta tsaya cak, notin yana da rai. In ta ƙi kwantuwa, ko ta yi ta juyawa, ya ajiye. Ya cire shimfiɗar ciki ya bi da babban yatsa ya ji ko akwai inda ƙarfe ya kumburo, ya lanƙwasa tafin ya duba tsagewa a gindin tudun roba. Bayan wasan damina a kwance ƙusoshin a wanke, a shanya a inuwa, a ɗiga ɗan mai a zare kafin a mayar. Ɗauri kuma da makulli ake yi, a tsaya da zarar kafaɗa ta zauna ta kama, don wuce haka shi ke tsinke notin daga robarsa. Kafin kowane wasa a sake bin su ɗaya bayan ɗaya, musamman biyun da ke dunduniya, waɗanda ake dukan ƙasa da su a kowane birki.