Fuloti a tsakiyar gero: ziyarar neman fili a Ungogo

Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya shafe wata 8 ba albashi, shi ya fara sa mini tunanin gina gidan haya. Na yi shekara biyu ina tara abin da ya samu, sannan na nemi dillali. Da ya ji nauyin aljihuna, bai ɓata mini lokaci da zancen Nassarawa ko Tarauni ba. Cewa ya yi, "Malam, sai dai mu fita Ungogo."

A watan Agusta muka fita, kuma da gangan na zaɓi lokacin, domin da rani kowane fili kyakkyawa ne, damina ce ke tona asirinsa. Muka bi titin Katsina ta Bachirawa, inda shaguna da 'yan adaidaita sahu suka cika ko'ina har mutum ba zai ce ya bar birni ba. Da muka sauka daga kwalta sai gari ya fara yagewa. Nan katangar bulo ba filasta, can gero ya fi mutum tsawo, gaba kaɗan tushen gini ya zagaye wata tsohuwar ɗorawa. A jikin katangu da dama an rubuta da fenti cewa wurin ba na sayarwa ba ne. Na lura dillalina ba ya son in tsaya karanta irin wannan rubutu.

Baƙo zai ɗauka birni ne ke cin daji, alhali wannan ƙasa ta daɗe ba ta zama daji ba. A Fanisau, cikin wannan ƙaramar hukuma, Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya yi ribaɗi, kuma a can Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. A shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya bayyana yadda ake noma kowace gona duk shekara ba a barinta ta huta, jakuna na kai itace birni suna komowa da taki. Ƙidayar 2006 ta ba Ungogo mutum 369,657. Yanzu tifa ta gaji jaki, yashi da bulo take kawowa, kuma abin da birni ke turowa ba taki ba ne, mutane ne masu neman wurin kwana.

Wannan tarihi ya shafi aljihun mai saye kai tsaye. Gonar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana gadonta ba ta rasa masu haƙƙi. Yawancin filayen da ake tallatawa a nan awon igiya ne, wato gona ce magada ko wani mai kuɗi ya yayyanka da kansa. Takardar mai unguwa da ta dagaci shaida ce mai amfani ƙwarai, amma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ikon ƙasa yana hannun gwamna, kuma gini a kewayen birni yana bukatar izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA. Mutane da yawa sai sun ga jan fenti a katangarsu suke tuna wannan.

Fili na farko da aka nuna mini ya yi kyau, a kan tudu, kusa da masallaci. Wani dattijo na ciyawa a gonar da ke maƙwabtaka, sai na bar dillali yana waya na ƙarasa wurinsa. "Baba, sannu da aiki." Muka gaisa sosai kafin in tambaye shi gonar wa aka yanka. Ya ce ta wani marigayi ce, 'ya'yansa maza suka sayar, amma akwai mata biyu da ke aure a wani gari, ba a fitar musu da kasonsu ba. Rabon mace a gado ba ya faɗuwa don ta yi nisa ko ta yi shiru. Dillali ya ce ai za a daidaita. Na san yadda irin wannan daidaitawa ke ƙarewa a kotun shari'a bayan mutum ya kai gini linta, don haka na ce mu tafi. Na biyun yana cikin kwari, ruwa kwance har idon sawu, layin kuwa ko mota ɗaya ba za ta shige ba, domin a awon igiya abin da ya rage bayan an yanka filaye shi ake kira hanya.

A hanyarmu ta zuwa na uku na riƙa tambayar su wa ke zaune a gidajen hayar da muke wucewa. Malamin firamare ne, da direban adaidaita, da sabon ango, da masu fita kasuwar Dawanau da sassafe. Ba su neman tayil ko silin mai ado. Ciki da falo suke so da banɗakinsu, da ruwan da ba sai sun jira ɗan garuwa ba, da hanyar da babur zai bi da damina. Kuɗin haya na shekara ne a baki, amma sau da yawa kashi-kashi yake zuwa, kuma mai gida da ya san halin da ake ciki tun cire tallafin mai a 2023 ba zai iya fitar da mai iyali a kan wata biyu ba.

A nan lissafi ya sanyaya mini jiki. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, rodi da kwano suka bi sahu, haya kuwa ba ta tashi da wannan gudu ba, tun da albashin masu biyanta bai tashi ba. Da na haɗa kuɗin fili da gini da rijiya da gyaran shekara-shekara, sai na ga hayar ba za ta mayar mini da uwar kuɗi ba sai bayan fiye da shekara 20. Ribar gaske tana cikin darajar filin da ke hawa yayin da gari ke matsowa. Haya gadin filin kawai take yi. Shi ya sa ba na goyon bayan cin bashi mai nauyi don wannan harka. Gara mutum ya fara da rijiya da katanga, ya yi ciki da falo biyu da shago a gaba, sauran ya jira hali.

Akwai kuma abin da ke damuna wanda lissafi bai ɗauka ba. Manomin da ya sayar da gonarsa yakan aurar da 'ya, ya sayi babur, wani ya sauke farali, kuɗin su ƙare. Ba abin mamaki ba ne nan da shekara goma ɗansa ya zo neman haya a gidan da na gina a kan gonar kakansa.

Na uku na saya, ƙarami ne, ya kuma fi sauran tsada saboda kusancinsa da hanya. Sai da magada duka suka hallara gaban dagaci, har da matan, kowa ya sa hannu. Da aka watse babban cikinsu ya ja ni gefe ya roƙi in bar musu geron da ke kai su girbe. Na ce ba komai, bulo sai bayan kaka.