Rumbun Tururuwa a Ƙarƙashin Gadonmu

Duk wanda ya tashi a Dawanau ya san tururuwa. Inda ake sauke gero da dawa da riɗi tirela-tirela, ba a rasa ƙwayar da ta zube, kuma ba a rasa mai ɗaukarta. Tun muna ƙanana, mu 'yan biyun gidan, muke tsugunawa a bayan shagon Baba muna kallon jerin gwanonsu. Abin da ya dame mu shi ne, idan sun shige rami, me suke yi da hatsin?

Karon farko mun kwashi kamar talatin a cikin robar alawa, muka zuba ƙasa da gero. Sun yi tono, sun yi ta zagaye, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya muka gane a waya cewa ma'aikata muka kwaso. Dukkansu mata ne, amma sarauniya ce mai haifar sababbin ma'aikata, ita kuwa ba ta fitowa yawo.

Sai daminar 2023, kashegarin wani ruwa mai ƙarfi, muka tsinci wata ƙatuwa tana tafiya ita kaɗai, ta riga ta karye fukafukanta. Haka sabuwar sarauniya take yi bayan barbara a sama. Muka sa ta a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, muka lulluɓe da tsumma, muka tura ƙarƙashin gado. Makonni ba ta ci komai ba, har muka fara zargin juna da kisan kai. Ashe naman da ke kaɗa fukafukan ne yake narkewa a jikinta, da shi take ciyar da tsutsotsinta na fari. Ranar da muka ga 'yan ma'aikata biyar, ƙanana kamar kiyashi, ihun da muka yi ne ya tona mana asiri.

Inna ta ce a zubar. Hajiya Kaka ta ce a kawo ta gani.

Ta daɗe tana juya kwalbar. Sannan ta ce, "Ku 'yan nan, wasa kuke yi da rumbu." A farin 1973, in ji ta, tana amarya a ƙauyensu, ita da matan gidan sukan fita da fartanya su nemi gidan tururuwa. Su tona, su kwashe ɗan hatsi da 'ya'yan ciyawar da ke ciki, su sheƙe ƙasar, su dama kunu. Ba mu taɓa jin wannan labari ba, Baba ma bai taɓa ji ba. Ta ce har yau ba ta iya taka tururuwa, don tana ganin suna bin ta bashi.

Aka bar mana kwalbar, daga baya muka sauya babba. Yanzu mun san amsar tambayarmu. Sukan ɓare ƙwayar, su fitar da ƙaiƙayi waje, su ware ɗaki guda na ajiya, su tauna hatsin ya zama kamar ƙullu kafin a ci. Da muka cika ruwa wata rana, sai suka yi ta fito da geron da ya jiƙe suna shanyawa a sama, kamar matan unguwa.

A Fabrairun 2024 abinci ya yi tsada, har hukuma ta rufe wasu ɗakunan ajiya a kasuwarmu bisa zargin ɓoye kaya. A gida ma Inna ta fara awo da hankali, mu kuma muka ji kunyar ɗiban gero don ƙwari, ko da tsunkule ɗaya ne. Muka daina. Muka yi shawarar kai su bayan gari mu sake su.

Da safen da za mu tafi, muka jawo kwalbar, sai muka ga sabon gero a bakin ramin, ana ta jigila. Kowa ta rantse ba ita ba ce. Muka leƙa tsakar gida. Hajiya Kaka na kan tabarma tana jan carbi, bakin zanenta a ƙulle da ɗan wani abu.

"Ku mayar da su inuwa," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Rana na dukan kwalbar."