Littafin da ya sa na je ba wa ɗan ɗakinmu haƙuri

Jama'a, wanda bai karanta Gone Girl ba kuma yana da niyya, ya wuce kawai, don yau zan fasa ƙwai.

A bakin get ɗin makarantarmu na saye shi, wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Ni da na tashi da karatun James Hadley Chase na babanmu, na ɗauka irin su ne: bindiga, kuɗi, ɗan sanda. Ashe ba nan take ba.

Wata Ba'amurkiya ce, Gillian Flynn, ta fitar da shi a 2012. Nick da matarsa Amy sun rasa aikinsu a New York, suka koma garin su Nick a jihar Missouri. Ranar da aurensu ya cika shekara 5, aka nemi Amy aka rasa. Falo a hargitse, ga alamar an goge jini a kicin. Wani babi Nick ke magana, na gaba kuma dayarin Amy.

Wallahi na tsani Nick. Yana yi wa 'yan sanda ƙarya, yana neman ɗalibarsa a ɓoye, har da murmushi a gaban 'yan jarida alhali ana cigiyar matarsa. Tuni na yanke masa hukunci. Sai a tsakiyar littafin, wajen ƙarfe biyun dare, babu wuta ina haskawa da waya, na ga Amy da ranta. Ita ta shirya komai. Dayarin ma zama ta yi ta tsara shi don a kama mijin.

Na rufe littafin, barci ya ƙi zuwa. Ba Nick nake tunani ba, wani ɗan ɗakinmu na tuna.

Semestar da ta wuce waya ta ɓata a ɗakinmu. Mu shida ne. Mai wayar ya ce ya ga yaron yana laluben wajen gadonsa. Yaron shiru-shiru ne, ba ya shiga mutane, da aka tambaye shi sai ya kama in'ina. Shi ke nan, muka ce ai ga alama. Ni da hannuna na rubuta a gurup ɗin WhatsApp na hostel cewa kowa ya kula da kayansa. Ban kama suna ba, amma kowa ya gane. Bayan sati biyu aka tsinci wayar a bayan loka. Muka yi dariya, babu wanda ya ce masa komai.

Abin kunyar, ni ne fa kullum mai ƙorafin yadda ake kiran mu aboki a nan kudu, ana yanke mana hukunci kafin mu buɗe baki.

Da safe na same shi yana wanki, na ce ya yafe mini. Ya ce babu komai, amma bai ɗago kai ba. Ban ga laifinsa ba.

Littafin akwai batsa da ashariya, kuma ƙarshensa ya ba ni haushi, don Amy ta ci bulus. Amma ya nuna mini cewa wanda ya iya tsara zance shi ake fara gaskatawa. In wani abu ya sake ɓata a hostel, don Allah mu ji ta bakin kowa kafin mu taɓa waya.