Daga Bakin Binuwai Zuwa Bahar Maliya

Daga Lau zuwa Jalingo, zuwa Kano, har jirgi ya sauke mu a Kartum, babu abin ba da labari. A Port Sudan labarin yake, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023.

Masaukin da na fara sauka azaba ce: fanka ba ta juyawa, ruwan famfo gishiri-gishiri, ga kuɗin cizo. Allah ya haɗa ni da wani dattijo Bahaushe a masallaci, wanda kakansa ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano zuwa aikin Hajji, ya zauna a nan. Da ya ji inda nake kwana sai ya ce, "Haba ɗana, muna garin nan? Ɗauko kayanka." Kullum da safe sai an dafa mini jabana, wato kofi mai citta.

Ɗansa, ɗalibi a Jami'ar Bahar Maliya, shi ya kai ni bakin teku, ya ba ni gilashin ninkaya. A ruwan da bai wuce ƙugu ba ya nuna mini wata halitta manne da gansakuka. Dodon koɗi ce marar koɗi, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, koriya shar, gefenta da layin ruwan goro da baƙi kamar an yi mata aikin wuyan riga, ga 'yan ƙahoni biyu suna motsi. Elysia ake kiranta. Ya ce huda gansakukar take ta tsotse ruwanta, amma ba ta narkar da ƙwayoyin koren da ke sarrafa hasken rana. Sai ta ajiye su a jikinta su ci gaba da yi mata abinci. Akwai irinta a gaɓar Amurka da kan yi watanni ba ta ci komai ba. A 2021 ma masu bincike a Jafan suka ga wata ta yanke kanta daga gangar jikinta, kan ya ci gaba da rayuwa har ya tsiro sabon jiki da sabuwar zuciya. Na ce, ikon Allah! Mu da muka tashi cikin kwale-kwale, matsattsaku kaɗai muka sani mai tsotso, shi kuwa jini yake sha.

Amma maganar kifi, mutanen Port Sudan su yi haƙuri. Nasu manya ne, masu launi, sai dai ko kusa da giwan ruwan Lau ba su kai ba, balle tarwadar da aka yi wa banda. Na faɗa wa Baba mai masaukina haka, ya yi dariya ya ƙara mini wani.

Mun leƙa Sawakin, tsohuwar tashar da alhazanmu na da ke tsallakawa Jidda, na ga rusassun gidajen dutsen murjani. Daga nan na kama hanyar Kartum.