Karen da ke Tsoron Kaji

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan rediyo a Nijar ya san farin jinin filin sanarwa. Mutum zai iya rage murya lokacin labaran duniya, amma da an shiga sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da cigiya sai ka ji an ce wa yara su yi shiru. A shekaruna tara gaban makirfo na karanta cigiyar raguna da shanu da jakuna, da ta yaron da ya ɓace a kasuwar Katako, da ta takardun mota. Kare kuwa bai taɓa shigowa cikin takardun ba. Mu Hausawa sunansa ma wajen zagi muka fi amfani da shi. In ya ɓata ya ɓata, in ya mutu a ja shi bola, ba mai zuwa ya biya kuɗin sanarwa a kansa.

A watan Janairun 2024 ne wani dattijo, mutumin wajen Madawa, ya zo ya zauna a bakin ƙofar tasharmu har na gama shirin safe. Da na fito ya miƙe da ƙyar, muka gaisa, ya ce, "Ɗana, kai ne mai maganar nan ta safe ko? Sanarwa nake so ka yi mini. Kare gare ni, ina neman wanda zai riƙe shi tsakani da Allah."

Labarin bai da tsawo. Gadi yake yi a gidan wani Bature a unguwar Kwara Kano, nan Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da jiragen Faransa suka zo kwashe Turawa a farkon Agusta, maigidansa ya tafi da jaka guda, ya ce mako biyu zai yi. Wata uku yana aiko da kuɗi, daga nan shiru. Kowa ya san yadda watannin nan suka kasance: CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, an rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, shinkafa ta gagari talaka. Abincin buhu da Baturen ya bari ya ƙare tun kafin kaka. Tun daga lokacin abin da Baba ya dafa shi suke rabawa, da ɗan ƙashi da tumbi da wani mahauci ke ajiye masa. Yanzu mai gidan ya sami sababbin ƴan haya, ya ce ƙarshen Fabrairu a ba shi makullinsa. Baba zai koma garinsu, kuma ba direban da zai ɗauki kare a motar fasinja, ballantana a samu abin ciyar da shi a ƙauye.

Na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Na san masu saurarena, na kuma san waɗanda za su fara bugo waya in aka ce ga ƙaton karen Bature kyauta. Na ce zan zo in gan shi.

Irin karnukan Jamus ne da ake gani wajen ƴan sanda da jami'an kwastan, baƙin baya, ruwan ƙasa a ƙafafu, kunnuwa a tsaye. Namijinsu yakan kai kilo 30 zuwa 40, wannan kuma ko da ramarsa kansa ya kusa kai mini ƙugu. Baturen Sezar yake kiransa, sunan sarkin yaƙin Rumawa. Baba kuwa Dogo yake ce masa. Ina taka cikin gidan sai na ga wannan ƙaton ya matse wutsiya tsakanin cinyoyi, ya lallaɓa bayan tankin ruwa, ya cusa kansa a lungu, rabin jikinsa a waje. Baba ya zuba masa tuwo a kwano. Kafin ya yanke shawarar fitowa wata kazar Baba ta iso, ta hau cin abincin, shi kuma yana leƙenta yana lasar leɓe. Kallon kitse ake wa rogo, in ji masu magana.

"Haka yake tun yana ɗan kwikwiyo," in ji Baba. "Ni da maigida kaɗai ya sani. Yaran unguwa kuma in sun ji motsinsa sai su yi ta jifa ta saman katanga. Akwai ranar da suka fasa masa goshi."

Likitan dabbobin da na kira daga baya ya ƙara mini bayani. Kwikwiyo yana da ɗan lokaci, daga mako uku da haihuwa zuwa wajen wata uku, da yake koyon abin da za a ji tsoro da wanda ba za a ji ba. Abin da bai saba da shi a lokacin ba, ko yara ne ko babur ko baƙon mutum, yakan zame masa dodo har girmansa. Dogo ya yi waɗannan makonni a bayan katanga mai tsawo, abin da kawai ke zuwa masa daga waje shi ne dutse. Likitan ya kuma ja mini kunne cewa kada in ɗauki tsoro a matsayin lafiya. Matsoracin kare in aka ritsa shi a lungu ya rasa hanyar gudu, haƙori ne ya rage masa, kuma haƙorin mai kilo 35 ba abin wasa ba ne.

Allurar haukan kare ta Dogo ta wuce lokacinta, kamar yadda ɗan littafin da Baturen ya bari ya nuna. A nan ban yi ciniki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum sai dai haƙuri. Na sha faɗa a rediyo, bari in ƙara faɗa a rubuce: wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya neman gashin karen da za a ƙona a shafa. Sai da Baba ya rungume wuyan Dogo, aka ɗaura masa takunkumi na tsumma, sannan aka yi allurar, aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka cire kaska sun fi talatin daga kunnuwansa da tsakanin yatsu. Likitan ya yi dariya ya ce to, ƙasa da karenta duk suna cikin takunkumi.

Daga nan na mayar da gidan wurin hutuna bayan aiki. Abin da aka koya mini kaɗan ne, wahalarsa a jurewa take. Kada ka kalle shi cikin ido. Kada ka tunkare shi gaba da gaba, kada ka miƙa hannu ta saman kansa. Ka zauna ƙasa, ka ba shi gefenka, ka jefa ɗan nama nesa da kai, ka yi kamar ba ka san yana nan ba. In ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ko ya kau da kai har farin idonsa ya fito, to ka matso da yawa, koma baya. Ni da sana'ata ita ce cika shiru da magana, ga ni zaune a kan tabarma awa guda ina kallon bango.

A rana ta shida ne wani abu ya faru da har yau muke gardama a kansa da Baba. Aka kira ni daga tasha ana so in ɗauki wata gajeriyar sanarwa a waya, sai na gyara zama na karanta da muryar aiki, wadda ta sha bamban da ta hira. Ina gamawa na ji numfashi a bayan kunnena. Dogo ne tsaye, yana sunsunar ƙeyata. Baba ya ce ba mamaki, shekara uku rediyonsa na rataye a bishiyar dalbejiya kowace safiya, karen na kwance a ƙarƙashi, muryar ya gane. Ni dai na fi zargin kilishin da ke aljihuna. Amma ban ƙi a ce ina da mai saurare mai ƙafa huɗu ba.

A gida kuwa uwar ƴaƴana ta kafa doka: kayan da na je gidan kare da su ba sa shiga ɗaki. Wani abokin aiki ya tambaye ni ko sallata na karɓuwa. Na kai maganar gaban malamin unguwarmu, ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. Ajiye shi kuma an yarda don kiwo da noma da farauta. Ya ƙara mini da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wannan ya kwantar da hankalin abokin aikina. Dokar gida kuwa tana nan yadda take.

Neman gida ya fi komai cin rai. Ban yi sanarwar ba har ƙarshe, baki da baki muka bi, duk da haka mutane sun zo. Wani Alhaji mai rumbun kaya ya aiko yaronsa, ya ce za su kulle shi a keji mai duhu da rana, a rage masa abinci, a sake shi da dare, wai haka ake sa kare zafi. Wani saurayi yana son ya haɗa shi da karyarsa ya sayar da ƴaƴan. Wani bai tambayi suna ko shekaru ba, ya dai zagaya shi da ido ya taya jikka goma sha biyar. Baba bai ce masa komai ba, ya buɗe masa ƙofa kawai. Wanda ya burge ni wani mafarauci ne. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon Dogo, ya ce, "Malam, wannan ba na daji ba ne. Jiki ya yi nauyi, gashi ya yi yawa, kafin azahar zafi zai kashe shi. Kada ka ba irina." Ya yi gaskiya. Karen ƙasar nan shi ne siririn nan mai dogayen ƙafafu na Buzayen Azawak, wanda Turawa suka kwasa suka kai ƙasashensu suna alfahari da shi. Shi ma ba ya sakin jiki da baƙo, kuma ban taɓa jin Buzu ya kira hakan aibi ba. Mu ne a birni muke auna kare da yawan mutanen da ya yaga wa wando.

Saura kwana goma sha biyu wa'adi ya cika yaron likitan dabbobin ya kawo mana wata dattijuwa, gwaggon mahaifiyarsa. Mijinta ya rasu ya bar mata garka a hanyar Kollo, kusa da kogi, da zogale da mangwaro da tumaki goma sha ɗaya. Sau biyu ɓarayi na shiga da dare, sun ɗauke injin ban-ruwa, sun ɗauke rago. Na gaya mata gaskiya, na ce Inna, karen nan kaza ma korarsa take yi.

"Yana haushi?"

Baba ya ce, "Da dare kam yana yi, kamar ganga. Sai dai yana yi yana ja da baya."

"Ɓarawo a duhu ina ya san gaba yake yi ko baya? Ni haushin nake so, ɗan nan. In ya ciji ɗan mutane ni za a kai wajen jandarma."

Ba wanda ya koya mata komai. Ta shimfiɗa zanenta a inuwa, ta ciro zogale daga buhu ta hau tsinkewa, suna hirar farashin dusa da Baba. Sau uku tana zuwa. A zuwa na uku Dogo ya kwanta taku biyu daga ƙafarta, ya ɗora haɓa a ƙasa. Ta ce wa jikokinta biyu da ta zo da su, duk wanda ta ga ya ɗauki dutse ko ya bi karen da gudu, ita da shi ne.

Muka kai shi a makon da aka ɗage wa ƙasa takunkumi, ƙarshen Fabrairu, a bayan wata akori-kura, Baba na zaune tare da shi, kansa a cinyarsa. Ya yi amai sau biyu kafin mu fita gari. Baba ya kwana uku a garkar, ya bar masa tsohuwar tabarmarsa da wata rigar sanyi da ta sha jiki, sannan ya tafi tasha da asuba tun karen na ɗaure. Inna ta ce kwana huɗu bai ci komai ba sai ruwa, yana kwance a kan rigar yana kallon ƙofa. A na biyar ya ci.

Na koma cikin Afrilu, ana tsakiyar zafin nan da ke haura digiri 40. Ya haƙa rami a jiƙaƙƙiyar ƙasa ƙarƙashin mangwaro, inda ruwan ban-ruwa ke bi, ya shige ciki, tumakin na kwance kewaye da shi. Asalin irinsa ma na kiwon tumaki ne, don wannan aiki wani hafsan sojan Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa irin a 1899. Inna ta ce da yamma in an sake su shi ke bin bayansu, wadda ta ware ya zagaya ya maido ta, kuma tun zuwansa ba a sake taɓa shingen ba. Da ya gan ni ya ɗaga kai, ya kaɗa wutsiya sau biyu, bai taso ba. Kajin Inna kuwa an yi musu wurin ci daban, don har yanzu in sun zo kwanonsa matsa musu yake yi.

Baba yakan kira ni daga Madawa da wayar ɗansa, galibi ranar Juma'a. Ba ya daɗewa saboda kuɗin waya. Mu gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce in na je in gaya wa Hajiya ta riƙa duba cikin kunnen hagu, nan kaska ta fi maƙalewa.