Bos Mai Son Zinariya

Masu zuwa silima a ƙasarmu sun daɗe da raba mutanen cikin fim kashi biyu. Akwai ekta, akwai bos. Ekta shi ne wanda ake yi wa tafi, ba ya kuwa mutuwa. Bos shi ne mugu, wanda kowa ke jira ya ga ƙarshensa. Amma duk wanda ya saba kallo ya san in bos bai cika bos ba, fim ba ya daɗi. Akwai kuwa wani tsohon fim na leƙen asiri wanda bos ɗinsa ya kusa ƙwace shi daga hannun ekta, har sunansa aka sa wa fim ɗin. Shi ne Goldfinger, wato yatsan zinariya.

An fara nuna shi a Landan cikin watan Satumba na 1964. Shi ne na uku cikin jerin finafinan James Bond, ɗan leƙen asirin Ingila mai lamba 007, wanda Sean Connery ya fito a matsayinsa. An ɗauko labarin daga littafin da Ian Fleming ya fitar a 1959, amma Fleming bai ga ranar nuna shi ba, gama ya rasu cikin watan Agusta na wannan shekara ta 1964. Dala miliyan 3 aka kashe wajen shirya shi, ya kuwa jawo fiye da dala miliyan 100. A 2003, sa'ad da Cibiyar Finafinai ta Amurka ta jera mugaye 50 da suka fi suna a finafinan shekara ɗari, Goldfinger yana cikinsu.

Labarin a taƙaice

Auric Goldfinger attajiri ne mai fataucin zinariya. Ba shi da tabo a fuska, ba ya ɓuya cikin kogo. Mutum ne mai ƙiba, mai fara'a in ya so, yana da masana'anta da dawakai da jiragen sama. Amma farkon ganinmu da shi, a wani babban otal a Mayami, muna iske shi yana cutar wani a wasan karta. Ya ajiye wata yarinya a bene da madubin hangen nesa, tana leƙa kartar abokin wasansa tana faɗa masa ta wata 'yar na'ura da ke kunnensa. Bond ya tona asirin. Hukuncin da Goldfinger ya yanke wa yarinyar shi ne aka shafe jikinta duka da fentin zinariya, aka bar gawarta a kan gado.

Daga nan Bond ya bi shi zuwa Suwizalan, ya gano yadda yake fasa-ƙwaurin zinariya: yana narka ta ya mai da ita jikin motarsa ƙirar Rolls-Royce, ya ƙetare iyaka ba wanda ya tsai da shi. Babban shirinsa kuwa a kan Fort Knox yake, wato ma'ajin zinariyar gwamnatin Amurka da ke Jihar Kentaki. Bond ya yi lissafi ya ce ba ta satuwa, gama mutum 60 za su yi kwana 12 suna lodi a manyan motoci 200. Ashe Goldfinger ba sata ya nufa ba. So yake ya fasa bom na nukiliya a cikin ma'ajin, zinariyar ta gurɓace har shekara 58 ba mai iya taɓa ta, tasa kuwa da ke waje ta ninka daraja sau goma. Da a ce abin ya faru da gaske a 1964, da sai a 2022 za a iya kusantar ta.

Bakin 'yan kallo

A hutun Kirsimati muka kalli wannan fim a gida, bayan ƙananan yara sun yi barci. Kawunmu yana nan, wanda ya fara ganinsa tun yana saurayi a gidan silima marar rufi, da babban ɗanmu wanda ya gama makaranta yana neman aiki, da 'yarmu mai aikin jinya, da uwargida. Fim ɗin bai kai awa biyu ba, amma gardamar da ta biyo baya ta fi shi tsawo.

Ɗanmu ne ya fara. Ya ce, "Baba, a gaskiya bos ɗin nan ya fi kowa kai a fim ɗin. Shi ne mai tsari, shi ne mai kuɗi. Bond me ya yi? Rabin fim ɗin a tsare yake."

Ba mu iya ƙaryata shi a kan wannan ba, gama masu kallo da yawa sun lura da haka tun da daɗewa. An kama Bond, an ɗaure shi a kan tebur, wani haske mai yanka ƙarfe da ake kira leza yana matsowa zai raba shi biyu, da baki kawai ya ceci kansa. Ba shi ne ya sanar da hukuma ba, matar da ke tuƙa wa Goldfinger jirgi ce ta yi haka, ita ce kuma ta musanya iskar gubar da za a fesa wa sojoji. Ko bom ɗin ma ba shi ya kashe ba. Yana cikin laluben wayoyi wani gwani ya shigo ya danna abin kashewa, agogon ya tsaya a kan 007.

Kawu ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ka ga wayo, ba ka ga hali ba. Mutumin da ke da zinariya har ya yi mota da ita, ya zauna yana cutar mutum a karta saboda 'yan daloli? Wannan ciwo ne. Kuma shirin nasa da kake yabo, ai mun san irinsa. Kamar mai ƙona rumbun gari ne don geronsa ya yi tsada."

'Yarmu kuwa ba bos ne ya dame ta ba. Ta ce, "Kaka, ni ektan ne ban gane masa ba. Yarinyar otal saboda shi ta mutu. 'Yar'uwarta da ta zo ɗaukar fansa ita ma tana tare da shi aka kashe ta. Ita kuma mai jirgin, ai ta ce masa ba ta so, ya danne ta a ɗakin ciyawa, sa'an nan fim ya nuna mana wai daga nan ne ta shiryu. Wannan shi ne mutumin kirkin?" Ta ƙara da cewa zancen fenti ya toshe fata har mutum ya kasa numfashi ba gaskiya ba ne, gama da huhu ake numfashi. Haka yake kuwa. An yi ta baza jita-jita cewa Shirley Eaton, wadda aka shafa wa fentin, ta mutu a wajen ɗaukar fim, alhali ba abin da ya same ta.

Uwargida ba ta ce kome ba sai can. Ita Oddjob ne ya ba ta tausayi, wato baran nan marar magana mai hular da ke da bakin ƙarfe, wadda in ya jefa take sare kan gunkin dutse. Harold Sakata ne ya fito a wannan matsayi, ɗan Hawai wanda ya ci lambar azurfa a ɗaga nauyi a wasannin Olamfik na Landan a 1948. Ta ce, "Ku dubi yadda ya bauta wa ubangidansa. Ya ɗaukar masa jaka, ya tuƙa shi, ya yi masa kisa. Ranar da abu ya ɓaci, ubangidan ya kulle shi a ɗaki ɗaya da bom ya yi gaba."

Abin da muka gani

Kowa a cikinsu ya riƙe wani gefen gaskiya, amma maganar ɗanmu ce ta hana mu barci. Ba shi kaɗai ke tunani haka ba. Matasa da yawa, musamman waɗanda suka gaji da yawon neman aiki, sun fara ganin mai kuɗi shi ne mai hankali, ko ta ina kuɗin suka fito. In yaro ya kalli Goldfinger ya tashi da sha'awar zama kamarsa, to, bai ga fim ɗin duka ba, ya kamata a koma da shi a nuna masa wuraren da ya tsallake.

Gama masu shirya fim ɗin ba su ɓoye kome ba. Ku ƙidaya waɗanda suka yi hulɗa da wannan mutum, ku ga wanda ya ci riba. Manyan 'yan fashin Amurka da suka kawo masa kaya, ya tara su a ɗaki ya yi musu dogon bayani, sa'an nan ya sake musu iskar guba. Guda ɗaya da ya ce a ba shi rabonsa ya tafi, an harbe shi a hanya, aka matse motar da gawarsa da zinariyar a injin bola, aka komo da ita gida don a ciro zinariyar. Masanin ƙasar Sin da ya haɗa masa bom, shi da kansa ya harbe shi da bindigar zinariya, bayan ya tuɓe kwat ya bayyana cikin kayan sojan Amurka don ya sulale. Sa'ad da Bond ya ce masa mutum dubu 60 za su mutu a banza, amsarsa ita ce direbobin Amurka suna kashe kamar wannan cikin shekara biyu. A wurinsa mutum lamba ne a takardar lissafi. Ƙarshensa kuwa, ya harba bindiga a cikin jirgin sama, taga ta fashe, iska ta zuƙe shi waje, ko ƙwayar zinariya bai tafi da ita ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen da.

Duk da haka ba za mu ce wa 'ya'yanmu su yi koyi da Bond ba. 'Yarmu tana da gaskiya. Shaye-shayensa da yadda yake ɗaukar mata kamar riga, a sa a tuɓe, ba halin da za a so a ga suruki da shi ba ne. Ko a wasan golf da suka yi, da Bond ya ga Goldfinger yana maguɗi, shi ma musanya masa ƙwallo ya yi ya ci shi. Fim ɗin ya sa mu yi masa tafi domin yana gefenmu, yana da kyan gani, kiɗa kuma yana tashi in ya shigo. Abin da 'yan kallo na 1964 suka yi wa dariya, na yau da yawa suna kau da kai daga gare shi, mu kuwa muna ganin na yau sun fi gaskiya a nan.

Mutumin da ke bayan bos

Akwai wani hukunci da aka yanke wa wannan bos wanda ya fi na falonmu nauyi. Wanda ya fito a matsayin Goldfinger Bajamushe ne, sunansa Gert Fröbe, an haife shi a 1913. Turancinsa ba shi da ƙarfi, saboda haka muryar da ta tsorata duniya ba tasa ba ce, wani Baturen Ingila mai suna Michael Collins ne ya yi maganar aka ɗora a bakinsa.

A 1965 wata jaridar Ingila ta buga cewa Fröbe ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Nazi ta Hitila, wadda ta hallaka Yahudawa miliyan 6. Ba ƙarya ba ne. Ya shiga a 1929 yana ɗan shekara 16, ya fita a 1937. Ƙasar Isra'ila ta hana nuna finafinansa, har da Goldfinger. Wa zai ga laifinsu? Ga mugu a fim, ga shi kuma an ce mugu ne a fili.

Sai wani Bayahude mai suna Mario Blumenau ya tafi ofishin jakadancin Isra'ila a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya ba da shaida cewa a lokacin yaƙi wannan Fröbe ya ɓoye shi da mahaifiyarsa daga hannun 'yan Nazi, ya ceci ransu. A zamanin nan kuwa mai yin haka da ransa yake wasa. Aka ɗage hanin, aka ci gaba da nuna fim ɗin. Fröbe ya rasu a 1988.

Shigarsa jam'iyyar gaskiya ce, ceton da ya yi kuma gaskiya ne, ɗaya bai share ɗaya ba. Da wannan mutum bai tashi ya yi magana ba, da rabin labarin kaɗai duniya ta sani. Mu ma a unguwa da wurin aiki muna saurin raba mutane, wannan ekta, wancan bos, daga abin da muka hango ta kan katanga. Fim yana da awa biyu ne kawai, dole ya yi haka. Mu da muke zaune shekara da shekaru da maƙwabtanmu ba mu da wannan hujja.

Ga iyaye

Wannan fim ba na ƙananan yara ba ne, akwai kisa da shigar da ba ta dace ba a cikinsa. Amma manyan 'ya'yanmu suna kallon irinsa da waɗanda suka fi shi a wayoyinsu, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Gara mu zauna tare da su wani lokaci mu kalla, in an gama kada a yi saurin tashi. A tambaye su wanda ya burge su, da dalili, a kuwa bar su su faɗi gaskiya ba tare da tsawa ba. In yaro ya ce bos ne, kada a ce masa ya lalace. A ce ya lissafa mutanen da suka yi wa bos ɗin aiki, ya faɗi inda kowannensu ya ƙare, sa'an nan a tambaye shi ko zai so ya karɓi aiki a wurin irin wannan ubangida.