Ƙauyen Da Ake Sare Kanya Saboda Beyar

Da kakar 2023 na bi maigidana jihar Akita a arewacin Japan, muka sauka wani ƙauye a gindin dajin Shirakami, wanda Unesko ta sa cikin wuraren gado na duniya tun 1993. Ke dai bari 'yar uwa, ganyaye sun yi ja sun yi ɗorawa kamar an shanya atamfofin lefe.

Muna isa sai tsohuwar da ta sauke mu ta ɗaura mini 'yar ƙararrawa a jaka. Na ce, "Iya, ni akuya ce?" Da maigida ya fassara mata ta yi dariya, ta ce saboda beyar ne, in ya ji ƙara sai ya kauce.

Ashe wannan baƙin dabba mai farin ƙirji yawancin cimarsa tsirrai ne. Bayan sanyi ya ci ɗanyen toho, da zafi 'ya'yan itace da tururuwa, da kaka kuwa ya duƙufa kan ƙwayar bishiyar buna, don ya tara kitsen da zai kwanta da shi watanni a rami ba ci ba sha. A ramin nan macen take haihuwa har ta shayar. Ƙwallayen da ya haɗiye kuma yakan kasayar da su can nesa, su tsiro.

To a shekarar buna ba ta yi 'ya'ya ba, yunwa ta koro su cikin gari neman kaki, wata 'yar uwar kanyarmu ce mai girman tumatir. Samari sun tafi birni, tsofaffi ba sa iya hawa su tsinke, ga ta nan ta nuna har tana zuba. Daga Afrilun 2023 zuwa Maris 2024 beyar ya auka wa mutum 219 a Japan, shida suka mutu.

Ranar da za mu taho na tarar ana sare kakin ƙofar gidan Iya. Ta ce marigayi mijinta ne ya dasa ta shekarar aurensu, amma jikokinta ta nan suke bi zuwa makaranta. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ta ƙulla mini guda biyar a ɗankwali, ban iya sha ba sai da muka shiga jirgin ƙasa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.